Takardu ne ke kayar da ɗaliban Arewa a ƙofar jami'o'in waje

A daren 3 ga Mayu 2023, jiragen farko da suka kwaso 'yan Najeriya daga yaƙin Sudan suka sauka a Abuja. Yawancin fasinjojin ɗalibai ne, kuma da yawansu 'yan Arewa ne da suka tafi Khartum karatun likitanci, harhaɗa magunguna, shari'a da Larabci. Sun yi kwanaki cikin motocin safa a kan iyakar Masar kafin a bar su su wuce. Iyaye suka yi hamdala, 'yan jarida suka ɗauki hotuna. Da ƙura ta lafa sai wata tambaya ta taso: ɗalibar da ta kai aji huɗu a Khartum, da me za ta nuna wa wata jami'a cewa ta yi aji ɗaya zuwa uku?

Makarantun da za su ba da shaidar suna rufe, wasu ma an wawashe su. Hukumar JAMB, ƙarƙashin Farfesa Ishaq Oloyede, ta yi alkawarin taimakawa a sama wa waɗanda suka dawo gurbi a gida, amma ta tuna musu cewa taransifa tana da ƙa'ida. Ana son takardar maki daga makarantar da aka baro, kuma babu jami'ar Najeriya da ke ba mutum digiri bai zauna cikinta aƙalla shekara biyu ba. Shekara guda kafin nan, waɗanda suka gudo daga Yukiren bayan harin Rasha na Fabrairun 2022 sun gamu da tasu matsalar, domin hukumar kula da likitoci ta ƙasa, MDCN, ta ce ba za ta amince da digirin likitancin da aka ƙarasa ta intanet ba. Babu ɗaya cikin yaran nan da jarrabawa ta kayar. Takarda ce ta tsayar da su.

Abin da yaƙi ya jawo musu cikin dare ɗaya shi ne ke samun dubban matasa duk shekara cikin ruwan sanyi. Jami'ar da ke Amurka ko Ingila ko Turkiyya ba ta ganin fuskar mai nema, ba ta san gidan da ya fito ba, ba ta san shi ne ke zuwa na ɗaya tun firamare ba. Fayil take gani. Idan hirar karatu a waje ta tashi a majalisa, magana biyu ce ke cinye lokaci, tsadar dala da wahalar biza, kuma duka gaskiya ne. Sai dai babu uban ɗalibi ko firinsifal ko kwamishinan ilimi da ke da iko a kan ko ɗaya cikinsu. Fayil kuwa a hannunsu yake, kuma a nan ne ɗaliban Arewa suka fi tuntuɓe, tun ba a kai ga maganar kuɗi ba.

Ba kwaɗayin hawa jirgi kaɗai ke tura matasa waje ba. Kimanin mutum miliyan 1.9 ne suka zauna jarrabawar JAMB a 2024, guraben da ke ƙasa kuma ba su isa ba, balle a fannin likitanci. Wanda ya samu shiga ma bai san ranar fita ba. Yajin aikin ASUU na 2020 ya ci wata tara, na 2022 ya ci wata takwas, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Rahoton Open Doors ya nuna cewa a zangon 2023/2024 'yan Najeriya 20,029 ne ke karatu a Amurka, adadin da ya sa ƙasar ta zama ta bakwai a duniya, ta farko a Afirka. Hanya dai tana nan, wasu sun daɗe suna bin ta.

Abu na farko da ya kamata kowane gida ya gane shi ne ƙofofin biyu ne, kuma ba mai nema ke zaɓar wadda zai bi ba. Akwai ƙofar sabon shiga, ta wanda ya gama sakandare bai taɓa rajista a wata babbar makaranta ba. Akwai ƙofar taransifa, ta wanda ya riga ya fara. Jami'ar Kalifoniya, mai rassa a Berkeley da Los Angeles da sauran garuruwa, ta faɗi abin ƙarara: duk wanda ya yi rajistar cikakken zango a wata kwaleji ko jami'a bayan sakandare ya tashi daga sabon shiga, kuma ba shi da damar ya yar da abin da ya yi a baya ya ce zai fara daga farko. Wasu jami'o'in suna sassautawa, su ce sai wanda ya haɗa shekara guda ko wani adadi na kwasa-kwasai. Kowace da dokarta, dokar kuma tana rubuce a shafinta na intanet ga mai son karantawa.

Uba mai hankali zai ce wa ɗansa, "Kai dai fara zuwa ta gida kada ka zauna haka nan, in ta waje ta fito sai ka tafi." Shawara ce ta ƙauna, kuma ga yawancin yara ita ce daidai. Amma ga mai neman cikakken tallafi a Amurka tana iya rufe masa ƙofar da ta fi faɗi. Guraben taransifa a manyan jami'o'i ragowa ne, sai wani ya bar makaranta ake samun su. Harvard tana ba sababbin ɗalibai kusan 2,000 gurbi a shekara, amma 'yan taransifar da take karɓa ba sa kai 20 a yawancin shekaru, kuma sharaɗinta mutum ya kammala shekara ɗaya a wata jami'a, kada ya wuce biyu. Princeton ta rufe ƙofar taransifa gaba ɗaya a 1990, sai a 2018 ta sake buɗe ta, ta kuma karkata ga tsofaffin sojojin Amurka da ɗaliban ƙananan kwalejojin ƙasar. Jami'ar Kalifoniya 'yan ƙananan kwalejojin jiharta take fara dubawa. Sannan akwai jami'o'i da dama da ke ba baƙo sabon shiga tallafi, amma baƙo ɗan taransifa ko sisi ba ya samu.

Wani zai ce to a ɓoye mana, wa zai sani? Fom ɗin yana tambaya kai tsaye, mai nema kuma yana sa hannu cewa duk abin da ya rubuta gaskiya ne. Idan ƙarya ta fito, jami'a tana da ikon soke gurbi, ko ta kori ɗalibi yana aji uku, ko ta janye digiri bayan an sha bikin yaye. Baƙon da aka kora daga makaranta kuwa, izinin zamansa ya tafi tare da gurbin.

Wanda ya dace ya shiga ta taransifa ma kada ya ɗauka daga inda ya tsaya zai ɗora. Sabuwar jami'a ce ke auna kowane kwas, ta karɓi wanda ya dace da nata ta watsar da saura. A Amurka digirin farko galibi yunit 120 ne, a Turai shekara ɗaya yunit 60 ce a ma'aunin ECTS, lissafin jami'o'in Najeriya kuma daban. Kafin a daidaita su sai an kawo bayanin abin da aka koyar a kowane kwas da littattafan da aka yi aiki da su, wani lokaci kuma sai an biya wata cibiya irin WES ta tantance. Ƙa'idar irin waɗannan cibiyoyi ita ce makaranta ta aiko da takardar maki da kanta, ba ɗalibi ya ɗauko a aljihu ba. Duk wanda ya taɓa bin sawun wannan takarda a jami'ar gwamnati ya san abin da hakan ke nufi. Wannan ofis ya tura ka wancan, fayil ya maƙale a sashe, malamin da ke riƙe da sakamakon aji biyu ya yi ritaya ya koma ƙauyensu. Wata shida ba abin mamaki ba ne. Jami'ar da ke jira a can kuma ba ta ɗaga ranar rufewa don wani jami'i ya tafi hutu.

Likitanci ya fi kowane fanni taurin kai. A Amurka ba a shiga makarantar likitanci daga sakandare, sai an yi digirin farko tukuna. A Ingila da wuya makarantar likitanci ta karɓi ɗalibi a tsakiyar karatu. Ejan da ya yi alkawarin ɗauke yaro daga aji uku a wata ƙasa ya dasa shi a aji huɗu a Landan, a tambaye shi wa ya taɓa yi wa haka.

Sai maganar lokaci. Al'adar gida ita ce a jira sakamakon WAEC ya fito a Agusta, a yi murna, sannan a fara shawarar inda za a nufa. Jami'o'in waje kuwa kusan shekara guda suke gaba. Dandalin Common App, wanda jami'o'i fiye da 1,000 ke aiki da shi, yana buɗewa ranar 1 ga Agusta don karatun da za a fara a Agusta ko Satumbar shekara mai zuwa. Zagayen farko yana rufewa a Nuwamba, na gama-gari a farkon Janairu, amsa ta fito wajen ƙarshen Maris. A Birtaniya dandalin UCAS yana ba mutum zaɓi biyar, kuma mai son Oxford ko Cambridge ko likitanci dole ya miƙa kafin 15 ga Oktoba ta wuce. Ke nan yaron da ke son tafiya da zarar ya gama sakandare, a zangon farko na SS3 zai nemi gurbi, da sakamakon SS1 da SS2, tun bai zauna WAEC ba. Wanda bai san haka ba ya yi asarar shekara guda, kuma shekarar nan ce ake cikewa da rajista a jami'ar gida, rajistar da ke mayar da shi ɗan taransifa. Yawancin jami'o'in Birtaniya ma ba sa ɗaukar mai WAEC kai tsaye zuwa aji ɗaya, sai ya yi shekarar share fage, wato kuɗin shekara guda da ba a sa a lissafi ba.

Shekarun haihuwa su ma suna ƙirga. Tallafin gwamnatin Turkiyya, Türkiye Bursları, wanda ake nema daga 10 ga Janairu zuwa 20 ga Fabrairu, ba ya karɓar mai neman digirin farko da ya kai shekara 21, kuma yana son maki kashi 70 cikin 100, likitanci kashi 90. Jami'ar Musulunci ta Madina ta daɗe da sharaɗin kada mai nema ya wuce shekara 25, kada kuma takardar sakandarensa ta wuce shekara biyar da fitowa. Matashin da ya shafe shekara uku yana maimaita JAMB don neman likitanci sai ya waiwayo ya tarar ƙofar Turkiyya ta rufe, alhali ba wanda ya taɓa gaya masa tana buɗe.

To me ke cikin fayil ɗin? Na farko sakamakon zango-zango na manyan azuzuwan sakandare, mai hatimin makaranta. A makarantu da yawa katin sakamako ake miƙa wa yaro ya kai gida, in ɓera ko ruwan sama ya cinye shi shi ke nan, babu kwafi a ofis. Na biyu wasiƙar malamai. Abin da aka saba bayarwa a nan takardar shaidar hali ce mai layi uku, an buga ta da yawa an ajiye, suna kawai ake cikewa: yana da ladabi, yana da ƙwazo, muna yi masa fatan alheri. Jami'in da ke karanta fayil ɗaruruwa ba abin da zai tsinta a ciki. Abin da yake nema shi ne malamin da zai ce yarinyar nan ita ce ta riƙa koya wa 'yan ajinsu lissafi bayan an tashi a zangon da babu malami, ko yaron nan shi ya haɗa injin ban ruwa da tsohon batir. Kuma malamin ne da kansa zai tura wasiƙar ta adireshinsa na imel, ba yaron ba.

Na uku shi ne inda tarbiyya kanta ke zame wa yaro cikas. An raine shi a kan cewa yabon kai jahilci ne, ga shi fom yana ce masa ya jera abubuwa har goma da yake yi bayan aji, ya kuma rubuta maƙalar da ba ta wuce kalma 650 ba a kan kansa. Sai ka ga yarinyar da ta haddace izu sittin tana da shekara 15, ta wakilci ƙaramar hukumarsu a musabaƙar da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ke shiryawa tun 1986, ta bar gurbin fayau, a ganinta wannan ba abin faɗa wa Bature ba ne. Yaron da ke riƙe da littafin lissafin shagon babansa a Kantin Kwari, ko yake koyarwa a Islamiyya da yamma, ko yake noman rani da hannunsa, sai ya rubuta cewa shi mamba ne a ƙungiyar muhawara da ta yi zama sau ɗaya a shekara. Alhali Common App yana da gurbi na musamman don hidimar iyali, da aikin neman kuɗi, da ayyukan addini. Rainon ƙanne biyar bayan rasuwar uwa abu ne da ake rubutawa, kuma ana karanta shi da girmamawa. Maƙalar da ba a girmamawa ita ce wadda aka kwafo, mai farawa da cewa tun ina ƙarami burina in zama likita in taimaki al'ummata. Masu tantancewa sun ga irinta dubbai.

Akwai kuma wata cuta ƙarama da ke kashe babban buri, wato saɓanin suna. Muhammad a takardar WAEC, Mohammed a fasfo, Muhammed a katin NIN. A wata takardar sunan uba ne a ƙarshe, a wata sunan gari, a wata sunan kaka. Ranar haihuwa ta firamare daban, wadda aka rage don wata jarrabawa daban. A gida takardar rantsuwa ta kotu takan rufe wannan ɓaraka. Magatakardan jami'a a Budapest ko Toronto kuwa mutum biyu yake gani a fayil ɗaya. Ƙari a kan haka, yara da yawa a kafe ake buɗe musu imel, mai kafen ne ke riƙe da kalmar sirri, lambar wayarsa ce a fom. Jami'a ta aiko da tambaya ko tayin gurbi mai wa'adin mako biyu, saƙon ya kwana a akwatin da ba mai buɗewa.

Maganar kuɗi ita ma rabinta maganar sani ce. Jami'o'in Amurka da ke duba fayil ɗin baƙo ba tare da kallon aljihun ubansa ba, sannan su biya duk abin da ya gaza, 'yan ƙalilan ne, irin su Harvard, Yale, Princeton, MIT, Amherst, Dartmouth da Bowdoin. A Maris 2025 Harvard ta sanar cewa iyalin da ba ya samun sama da dala 100,000 a shekara ba zai biya komai ba, har ɗaki da abinci. Amma waɗanda take ɗauka wajen kashi 4 ne kawai cikin 100 na masu nema, don haka wanda ya jingina da ita kaɗai ya yi wauta. A sauran jami'o'i neman tallafi yana rage damar samun gurbi, kuma baƙon da bai nema ba a lokacin cike fom galibi ba a ba shi damar nema daga baya. Akwai wurare da ba su da suna a majalisa amma suna biya, kamar Kwalejin Berea a jihar Kentucky, wadda ba ta karɓar kuɗin karatu daga ɗalibanta. Cibiyoyin EducationUSA a Abuja da Legas an kafa su ne don irin wannan bayani. Ɗan Birnin Kudu ko Ɗanbatta bai taɓa jin sunansu ba, kuma ba laifinsa ba ne.

Mai biya daga aljihu kuwa lissafin shekara huɗu ya kamata ya yi, ba na zangon farko ba. A Mayun 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma. Bayan an saki naira a watan Yuni, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. A Mayun 2024 aka ji labarin ɗaliban Najeriya a Jami'ar Teesside ta Ingila da aka dakatar, aka kuma umarce su su bar ƙasar, saboda ajiyar da suka yi da naira ta narke sun kasa biyan kuɗin makaranta a kan lokaci. Kanada ta ɗaga kuɗin guzurin da ake son gani daga dalarta 10,000 zuwa 20,635 a Janairun 2024. Birtaniya tana son kuɗin su kwana 28 a asusu ba tare da sun ragu ba. Masu aron kuɗi a zuba a banki a nuna wa ofishin jakadanci su kan manta cewa jami'a kuɗin gaske take karɓa, aikin sa'a 20 a mako da doka ta yarje wa ɗalibi kuma ba ya biyan kuɗin makaranta. Tallafin gwamnati ma ba tabbas ba ne. A 2025 gwamnatin Kano ta sanar da biyan bashin sama da naira biliyan 2 ga wata jami'a a Arewacin Cyprus, domin a saki takardun ɗaliban da suka gama karatu shekaru da suka wuce suna zaune ba shaida.

Duk inda sani ya yi ƙaranci, ejan ne ke cike gurbin. Ba duka ne macuta ba, amma ya kamata iyaye su san cewa da yawansu jami'o'i ne ke biyansu la'ada a kan kowane ɗalibi da suka kawo, don haka makarantar da ejan ya fi yabo ba lallai ita ta fi dacewa da yaro ba. A 2023 Kanada ta gano ɗaliban Indiya masu yawa da wani ejan ya haɗa wa takardun gurbi na jabu, wasu sai da suka gama karatu suka nemi zama sannan asiri ya tonu. Nan kusa kuma, a Disambar 2023 ɗan jaridar Daily Nigerian, Umar Audu, ya nuna yadda ya samo digiri daga Kwatano cikin mako shida, abin da ya sa gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo a farkon Janairun 2024. Waɗanda suka yi karatun gaskiya a can su ma abin ya shafe su. Tun a 2020 shugabar hukumar 'yan Najeriya mazauna waje, Abike Dabiri-Erewa, ta gargaɗi iyaye a kan Arewacin Cyprus, yankin da Turkiyya kaɗai ta amince da shi a matsayin ƙasa. Kafin a biya ko kobo, tambayar da za a kai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, da MDCN ga mai likitanci, da COREN ga mai injiniya, ita ce: in yaron ya dawo da wannan takarda, za ku karɓa?

Gaskiya ne biza ta yi tsauri fiye da da. A Yunin 2025 Amurka ta hana 'yan Chadi da Sudan shiga, ta kuma umarci masu neman bizar karatu su buɗe shafukansu na sada zumunta a duba. A Yuli ta rage yawancin bizar 'yan Najeriya zuwa shiga ɗaya cikin wata uku. Ranar 16 ga Disamba Shugaba Donald Trump ya sa hannu a sanarwar da ta saka Nijar cikin jerin haramci gaba ɗaya, Najeriya kuma cikin waɗanda aka dakatar wa sababbin bizar karatu da ta ziyara daga 1 ga Janairu 2026. Ɗaliban Nijar sun riga sun ɗanɗana irin wannan daga Faransa, wadda ta daina ba da biza a Yamai bayan juyin mulkin Yulin 2023, ta kuma rufe ofishin jakadancinta a Janairun 2024. Mai karatu zai iya cewa to me ya rage na maganar Harvard? Irin waɗannan dokoki suna zuwa suna tafiya. An saka Chadi a jerin haramci a Satumbar 2017, aka cire ta a Afrilun 2018. Takunkumin da aka sa wa Najeriya a 2020 Joe Biden ya soke shi ranar da ya hau mulki a 2021. Kuma fayil ɗin da aka shirya don Amurka shi ne dai Turkiyya da Hungary da Malesiya da Masar da Saudiyya za su nema: sakamako mai hatimi, suna ɗaya, wasiƙar malami, bayanin kai.

Akwai masu ganin cewa sauƙaƙa wa yara hanyar fita taimaka wa ƙaurar ƙwararru ne. Damuwarsu tana da tushe, amma rashin gyara ba ya hana kowa fita sai ɗan talaka. 'Ya'yan masu hali suna makarantu masu tsada a Abuja da Legas, inda akwai malamin da aikinsa ke nan tun daga SS1. Kuma ofishin da ke fitar da takardar maki cikin mako guda ba mai zuwa Turai kaɗai yake yi wa amfani ba. Mai sauya jami'a daga Maiduguri zuwa Zariya saboda aure ko canjin wurin aikin uba, da mai neman digiri na biyu, da mai neman aiki, duk layi ɗaya suke bi.

Jihohin Arewa sun nuna suna iya kashe kuɗi a wannan fanni. Kano ta tura ɗalibai 501 waje a zamanin Rabi'u Musa Kwankwaso, ta sake buɗe shirin mutum 1,001 a 2023. Kuɗin da ake kashe wa ɗalibi guda a irin wannan shiri zai horar da malaman ba da shawara masu yawa, waɗanda za su nuna wa ɗaruruwan yara hanyar tallafin da wata ƙasa ce za ta biya. Abin da ake buƙata daga kwamishinonin ilimi bai kai gina gada wuya ba: malami ɗaya a kowace babbar sakandare da ya san kalandar nan, rajistar sakamakon kowane zango a kwamfuta, da doka ga jami'o'in jiha cewa takardar maki ta fita cikin kwanaki ƙayyadaddu.

Iyaye kuwa ba sai sun jira gwamna ba. Wanda ɗansa ko 'yarsa ke SS2 a bana ya ɗauko takardar haihuwa da katin NIN da katunan sakamako ya duba ko suna da ranar haihuwa sun zo ɗaya, ya gyara kafin makaranta ta tura sunaye WAEC. Wanda ɗansa ke karatu a waje yanzu kuma, ya sa shi ya karɓi takardar maki mai hatimi a ƙarshen kowace shekara, ya turo kwafi gida a ajiye.